Cikin Fari: Ina Zan Sami Ungozomar da Zan Dogara da Ita?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce mai shekara 21, ina zaune da mai gidana a Kano, iyayena kuma suna Gusau. Ina ɗauke da cikin fari, ya kusa wata uku. Uwar mijina ta ce kada in fara zuwa awo sai cikin ya fito, domin a ganinta rashin kunya ne yarinya ta kama zaryar asibiti da cikin da ko ganinsa ba a yi. Duk da haka na raka wata maƙwabciyata ranar awonta don in ga yadda ake yi, sai na tarar da layi har waje, ga wata ma'aikaciya tana ta yi wa mata tsawa, jikina ya yi sanyi. Yanzu wata ƙawata ta ce akwai wata nas a unguwarmu da ke duba masu ciki a gidanta, kuma idan naƙuda ta tashi takan zo har gida ta karɓi haihuwa. Ba ni da uwa ko yaya a kusa. Don Allah, ta yaya zan sami ungozomar da zan saki jiki da ita, wadda za ta riƙa amsa mini tambayoyina har in sauka?

'Yarki, daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya raba lafiya.

Ki je ki yanki katin awo a cikin wannan makon, domin a ƙasar nan ta ƙofar awo ake samun ungozoma, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas aƙalla kafin ta haihu, maimakon sau huɗu da ake cewa a da: zuwan farko kafin ciki ya wuce mako 12, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ke nan lokacin zuwanki na farko ya yi, har yana neman wucewa. A wannan zuwan ne za a san inda bugun jininki yake tun ciki bai yi nauyi ba, ta yadda idan ya fara hawa a wata na bakwai ko na takwas za a gane cewa sabon abu ne. A nan ne kuma za a duba yawan jininki da rukuninsa, a yi gwajin cututtukan da uwa kan iya shafa wa jariri, wato ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere, waɗanda duk akwai hanyar kare yaro daga gare su idan an gano da wuri. Hoton ciki ma da aka ɗauka kafin mako 24 ya fi faɗin gaskiya a kan lokacin haihuwa fiye da wanda aka ɗauka ciki ya tsufa.

Ban ga laifin uwar mijinki ba. A cikin alkunya ta taso, a zamanin da mace kan ɓoye cikin fari har ya gagari zane, kuma ba ƙiyayya ce ta sa ta faɗi haka ba. Sai dai awo ba shela ba ce, ba wanda zai san abin da ya kai ki asibiti sai ke da malamar da ta duba ki. Kada ki ja magana da ita da bakinki, wannan aikin ɗanta ne. Ya same ta cikin ladabi ya ce shi ne yake so a duba ki, ya kuma roƙe ta ta raka ki zuwan farko. Sau da yawa uwar mijin da aka girmama aka sa ta a gaba, ta zauna ta ji bayanin da ake yi wa mata da safe kafin a fara awo, ita ce daga baya take tuna wa surukarta ranar komawa. Tunda mahaifiyarki tana nesa, wannan matar ce za ta kasance a tsaye a kanki daren naƙuda, saboda haka jawo ta a jiki tun yanzu yana cikin shirin haihuwar.

Sai kuma ki san cewa ba duk mai farin kaya ce ungozoma ba. Ungozomar asibiti ita ce wadda ta yi karatun shekara uku a makarantar ungozoma, ko kuma nas ɗin da ta gama karatun jinya ta ƙara wata 18 a kan fannin haihuwa, sannan Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta yi mata rajista ta ba ta lasisin aiki. Akwai kuma ungozomar karkara, mai karatun shekara biyu, wadda aka horar domin ta koma ta yi aiki a yankinsu. Bayan su akwai jami'an lafiya na matakin farko, waɗanda su ne suka fi yawa a ƙananan asibitocin Arewa. Karatunsu daban ne, hukumarsu daban, ko da yake da yawansu an ba su ƙarin horo a kan awo da karɓar haihuwar da ba ta zo da matsala ba. Ba rashin ladabi ba ne ki tambayi wadda take duba ki cewa, "Malama, ke ce ungozomar nan wurin?" Wadda ta san aikinta ba za ta ji haushin tambayar ba.

Yanzu ga gaskiyar da ba a cika faɗa wa masu cikin fari ba. A asibitin gwamnati ba za a ware miki ungozoma guda a ce taki ce daga awo har haihuwa ba. Aikin karɓa-karɓa suke yi, ta safe daban, ta yamma daban, ta dare daban, kuma mai yiwuwa ne wadda kika saba da ita a wurin awo ba ita za ki tarar a ɗakin haihuwa ba. Saboda haka abin da za ki zaɓa shi ne wuri, sannan a cikin wurin ki ƙulla sabo da mutum ɗaya ko biyu. Kafin ki tsayar da wuri, ki tambaya ko ana karɓar haihuwa a can dare da rana, da wanda yake kwana a bakin aiki, domin akwai asibitocin da ke yin awo mai kyau da safe amma ƙarfe huɗu na yamma an kulle ƙofa. Ki tambaya inda suke tura mace idan abu ya fi ƙarfinsu, da tsawon tafiyar, da ko suna da motar da za ta kai ta. Ki tambaya ko suna ajiye allurar tsayar da zubar jini da allurar jijjiga, ki kuma duba da idonki ko akwai ruwa da hasken da za a yi aiki da shi idan an ɗauke wuta. Amsar waɗannan ta fi kyawun fentin gini muhimmanci.

Kina Kano, kuma wannan gata ne. Akwai Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Nasarawa, akwai asibitocin da aka keɓe domin haihuwa kamar na Sabo Bakin Zuwo da na Nuhu Bamalli, ga kuma ƙananan asibitoci a unguwanni. Mata da yawa sun ɗauka dole sai babban asibiti, shi ya sa layi yake kaiwa inda kika gani. A ra'ayina, mace mai lafiya wadda cikinta bai nuna wata matsala ba, ƙaramin asibitin da ke kusa da gida, mai ungozoma dare da rana, ya fi mata sauƙin samun abin da kike nema, wato wadda za ta san fuskarki ta kira sunanki. Tun 2009 Hukumar Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa ta ɓullo da shirin tura ungozomomi irin waɗannan asibitoci, daga baya kuma Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa asusun da ake tallafa wa aƙalla asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. Ba duka ne suka tsaya da ƙafarsu ba, don haka sai kin tambayi matan unguwa waɗanda suka haihu a cikin shekarar nan, ba waɗanda suka ji labari ba. Amma idan gwaji ya nuna kina da hawan jini, ko ciwon suga, ko sikila, ko tagwaye ne, ko yaro ya ƙi juyowa har wata na tara, to wurin da yake da likita da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini shi ne wurinki, komai tsawon layinsa.

Za ki gane ungozomar kirki daga abin da hannunta yake yi. Kowane zuwa za ta auna bugun jininki, kuma idan ya kai 140 bisa 90 ba za ta ce ki je gida ki rage gishiri kawai ba. Za ta sa a duba fitsarinki. Za ta buɗe idonki da tafin hannunki ta ga ko jini ya yi ƙasa. Idan ciki ya girma za ta auna tsawonsa da tef, wanda daga wajen mako 24 yawan santimitocinsa kan yi kusan daidai da yawan makonnin cikin, ta laluba kwanciyar yaro, ta saurari bugun zuciyarsa. Za ta ba ki maganin ƙarin jini da ƙaramar ƙwayar folik da ake sha kullum, ta yi miki allurar rigakafin sarƙewar haƙora sau biyu da tazarar mako huɗu, sannan daga wata na huɗu ta fara ba ki ƙwayoyi ukun nan na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, waɗanda ake haɗiyewa a gabanta wata-wata, sau uku aƙalla kafin haihuwa. Duk abin da ta gani za ta rubuta a katinki ta kuma gaya miki ranar dawowa. Idan wuri ne da za a danna miki ciki kawai a miƙo miki ƙullin magani ba tare da an ɗaura miki abin awon jini a dantse ba, wannan ba awo ba ne, ki canza wuri.

Batun tsawa kuwa, ba zan kare shi ba. Gaskiya ne ungozoma ɗaya kan duba mata masu yawan gaske a wuni guda, wata ma daga aikin dare ta zarce, amma gajiya ba ta halatta wulaƙanta mai ciki. Sai dai idan kika ƙaurace wa asibiti saboda harshen mutum ɗaya, ke da abin da ke cikinki za ku ɗauki asarar, ita tana nan a kan kujerarta. Ki yi sammako, ki ci abinci kafin ki fita, ki rubuta tambayoyinki a takarda domin kada kwarjinin wurin ya sa ki manta su. Ki lura da wadda ta fi sakin fuska a cikinsu, ki gaishe ta, ki riƙe sunanta, ki gaya mata cikin fari ne kuma mahaifiyarki ba ta gari. Wannan jimlar kaɗai tana sauya yadda mace take kallon 'yar wani. Ki nemi lambar wayar ɗakin haihuwa, idan kuma ita ta ba ki tata don kanta, ki kiyaye amanar, kada ki kira ta tsakar dare a kan kwaɗayin ɗanwake. Idan wata ta ci mutuncinki, kowane sashe yana da shugaba, ki kai ƙara gare ta cikin natsuwa.

Game da nas ɗin unguwarku, ban san ta ba, kuma mai yiwuwa ne ƙwararriya ce. Idan ungozoma ce mai lasisi, samun irinta a maƙwabtaka alheri ne: za ta iya auna miki jini tsakanin awo da awo, ta fassara miki abin da aka rubuta a kati, ta gaya miki ko ciwon marar da kike ji naƙuda ce ko ba ita ba ce, ta kuma raka ki asibiti. Amma ban ba ki shawarar ki haifi ɗan fari a ɗaki a hannunta ba, komai ƙwarewarta. Mai cikin fari ba ta da tarihin haihuwa da za a duba a ce ƙugunta ya taɓa fitar da yaro, kuma jijjiga ta fi kama masu cikin fari. Zubar jini bayan haihuwa, wadda ita ce kan gaba wajen kashe mata masu jego, tana iya gamawa da mace cikin awa biyu, kuma ba a ajiye jini a ɗakin kowa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne allurar naƙuda da wasu ke yi wa mata a gida ko a bayan kemis domin a gaggauta haihuwa. Idan yaro bai daidaita ba, wannan allurar tana iya fasa mahaifa ko ta galabaitar da shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari kaɗai na haihuwa a Nijeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba, kuma a yankunan da aka fi haihuwa a gida ne aka fi rasa iyaye mata. Ki yi wa nas ɗin tambaya guda: "Idan jini ya ɓalle mini, me za ki yi?" Idan ta ce ba ta taɓa samun matsala ba, ki ji tsoro. Idan ta ce asibiti za ta garzaya da ke, to ki ce mata gara ku fara daga can.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar awo a kansu, ba a kuma jiran gari ya waye: zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da ganin duhu-duhu ko walƙiya, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, da raguwar motsin yaro bayan kin saba jin sa. Mai cikin fari takan fara jin motsi ne wajen mako 18 zuwa 20, don haka kada rashin jin sa yanzu ya dame ki. Ki karanta wa mai gidanki da mahaifiyarsa waɗannan alamomin, ki kuma nemi ya ba ki izini tun yau, a gaban mahaifiyarsa, cewa duk lokacin da ɗaya ta bayyana ki tafi asibiti ko yana gari ko ba ya nan.

TAMBAYA

Salamu alaikum. Cikina wata shida ne, na fari, kuma ina zuwa awo a Kaduna. Idan ya shiga wata na bakwai za a mai da ni gidanmu goyon ciki, a wani ƙauye a Jihar Jigawa. A can akwai tsohuwar ungozoma wadda ita ta yanke mini cibiya, kuma kakata ta ce ita za ta karɓi haihuwata kamar yadda ta karɓi ta kowa a gidan. Ina jin nauyin in ce a'a. Yaya zan yi?

Ƙanwarki, daga Kaduna

AMSA

Ƙanwata, goyon ciki al'ada ce mai kyau, domin ba inda mai cikin fari za ta sami kulawa irin gaban mahaifiyarta. Abin da ke ɓata shi shi ne yadda awo kan yanke da zarar an sauya gari, alhali watanni ukun ƙarshe su ne suka fi bukatar sa ido. Kafin ki tashi, ki gaya wa masu yi miki awo cewa za ki yi tafiya, su cika miki katinki, ki haɗa da takardun gwaji da na hoto ki riƙe a jakar hannunki, ba a ƙasan akwati ba. A makon da kika isa, ki je asibiti mafi kusa da ke karɓar haihuwa ki nuna katin a ci gaba daga inda aka tsaya. Kada ki bari sai daren naƙuda su fara ganin fuskarki.

Ba sai kin ce wa tsohuwar a'a ba. A gargajiyarmu ma, babban aikin ungozoma yana farawa ne bayan yaro ya faɗo: yanke cibiya, binne mabiya, wankan jariri, gyaran mai jego. Yawancin wannan yana nan a hannunta. Ki sa mahaifiyarki ta gaya mata cewa malaman asibiti sun ce haihuwar fari a wurinsu za a yi, kuma ita ake so ta raka ki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yarda mai naƙuda ta kasance da wadda ta zaɓa a kusa da ita, ko da yake ƙuncin ɗaki kan hana wasu asibitoci barin mai rakiya ta shiga. A ba ta sabulunta da hatsinta da rabonta na naman suna kamar yadda aka saba, ba a rage mata komai ba. Tsohuwar da ba a taɓa mata girma da abin hannu ba, da wuya ta ja da maganar.

Abubuwa biyu ne ba za ki yi kara a kansu ba. Na farko, kada a bari rana ta fito ta faɗi kina naƙuda a gida ana cewa a yi haƙuri, haka ta fari take. Gaskiya ne naƙudar fari tana da tsawo, amma daga lokacin da bakin mahaifa ya buɗe santimita 5 ba kasafai take wuce awa 12 ba, kuma ba wanda zai san ya buɗe ko bai buɗe ba sai wadda aka koya wa dubawa. Doguwar naƙuda, inda kan yaro ya tokare ya daɗe yana danne mafitsara, ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari, kuma da yawa daga cikin matan da ke jiran aiki a cibiyar Babbar Ruga ta Katsina ko sashen Laure na Asibitin Murtala a Kano a haihuwar fari suka gamu da shi. Na biyu, kada a kusanto ki da aska da sunan yankan gishiri. Ba ya buɗe hanya, sai dai ya jawo zubar jini ko ya huda mafitsara. Haka kuma jiƙe-jiƙen da ake bayarwa domin zaƙi ko domin naƙuda ta yi sauri, ki nuna wa ungozomar asibiti kafin ki kai baki.

Ki sa a nemo mota tun yanzu, a karɓi lambar direbobi biyu. Jihar Jigawa tana da shirin Haihuwa Lafiya, kuma a jihohin Arewa da dama an horar da direbobin ƙungiyar sufuri domin ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa. Mai unguwa ko ma'aikatan asibitin za su san ko akwai irinsu a yankinku. Idan haihuwar za ta faɗo cikin damina kuma hanyarku tana yankewa, gara ki koma gidan 'yan'uwa a cikin gari idan wata na tara ya kama.

A kan jego, a bar cibiya da man kuloheksidin da asibiti ke bayarwa, kada a sa mata toka ko man goge baki. A ba yaro dakashi a cikin awar farko, kada a matse a zubar. Wanka da ruwa mai ɗumi ba laifi, amma ruwan da ke sale fata da kunun kanwa mai yawa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Idan kin ga kumburi ko haki bayan haihuwa, asibiti za a nufa, ba ƙarin kanwa ba.

TAMBAYA

Hajiya, barka da aiki. Matata tana da cikin fari wata biyar. Ina so ta haihu a asibiti, amma abubuwa biyu suna damuna: kada namiji ya duba ta, kuma ina jin ana cewa da an ga mai cikin fari sai a ce tiyata domin a karɓi kuɗi. Ni ɗan kasuwa ne mai ƙaramin ƙarfi.

Wani magidanci, daga Funtuwa

AMSA

Malam, Allah ya saka da alheri da ka rubuto da kanka. A asibitocinmu na Arewa kusan duk masu awo da karɓar haihuwa mata ne, kuma kana da damar ka roƙa mace ta duba iyalinka. Namiji yakan shigo ne idan abu ya kai ga likita kuma babu likita mace a kusa, wannan kuwa larura ce, kuma malamai sun yi bayani a kan hukuncin larura. Ka tambayi malamin da ka amince da shi tun yanzu domin zuciyarka ta natsu kafin ranar.

Ungozoma ba ta yin tiyata, aikinta shi ne ta taimaki mace ta haihu da kanta, ta kuma gane lokacin da hakan ba zai yiwu ba. Mafi yawan masu cikin fari da kansu suke haihuwa. Ban ce ba a taɓa yin tiyatar da ba ta zama dole ba, musamman inda kuɗi ne gaba, shi ya sa kana da haƙƙin ka tambayi dalili a yi maka bayani da Hausa: yaro ne ya gicciye, ko mabiya ce ta tare hanya, ko bugun zuciyarsa ne ya sauya, ko naƙuda ce ta tsaya. Idan tun a wurin awo aka faɗa, akwai lokacin da za ka nemi ra'ayin wani likitan. Idan kuwa ana tsakiyar naƙuda ne aka kawo maka takarda, kada ka tafi neman shawarar dangi gida-gida, domin a wannan jiran ake rasa yara, wani lokaci har da iyayensu.

Ta fuskar kuɗi, ka fara ajiye wani abu duk mako a wurin da ba za ka taɓa ba, ko da an ce haihuwa kyauta ce, domin safar hannu da auduga da magani da kuɗin mota sukan faɗo a kan miji. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka zaɓa, saboda haka ka tambaya ko babban asibitin da ke kusa da ku yana ciki, da takardun da ake nema. Ka san rukunin jinin matarka, ka yi magana da mutum biyu daga 'yan'uwa ko abokai waɗanda za su iya ba da jini, a gwada su tun kafin wata na tara. Idan rukuninta mai alamar negetib ne, ka tuna wa ungozoma, domin akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa saboda kare cikin da zai biyo baya.

Ka raka ta awo ko sau ɗaya ne, ka gaisa da shugabar sashen, ka ga ƙofar da ake shiga da dare. Bayan ta sauka kada ka matsa a sallame ku saboda 'yan barka sun cika gida. Ana so mai jego ta yi awa 24 a asibiti, domin a cikinsu ne jini ya fi ɓallewa. Daga nan za ta koma a duba ta ita da jaririn a rana ta uku, sai tsakanin rana ta 7 da ta 14, sai kuma bayan mako shida. Zuwa na biyun yakan faɗo daidai hidimar suna, saboda haka ka tsayar da ranarsa da wanda zai kai su tun kafin a fara rabon goro.